Haƙƙin Jiki a Kan Mai Shi: Darasi Game da Ƙiba da Ciwon Sukari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar wa bayinSa abinci daga ƙasa, Ya kuma sanya wa kowane abu iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata cuta wadda a dā a kan ce ta attajiran birni ce, amma yanzu ta shiga garuruwan manoma irin su Gozaki da Kafur da Bakori, balle Malumfashi da Funtuwa. Cutar kuwa ita ce ciwon sukari, tare da babbar mai share masa hanya, watau ƙiba. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manyan mutane miliyan 589 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. A ƙiyasinta na 2021 ta ba Nijeriya mutum miliyan 3.6, ta kuma ce a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Abin da ke makanta mutane, ya kashe ƙoda, ya sa a yanke ƙafar magidanci mai iyali, bai kamata a bar wa likitoci kaɗai maganarsa ba, tun da ya ke addini ya riga ya yi magana a kan tushensa.

Abin da Shari'a ta shimfiɗa

A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya haɗa umurnin ci da sha da hanin yin ɓarna a wuri guda, Ya kuma bayyana cewa ba Ya son maɓarnata. Yawancin mutane in an ambaci ɓarna a abinci, hankalinsu ya kan tafi ga tuwon da aka zubar a juji. Malaman tafsiri kuwa sun shigar da cin abin da ya wuce bukata a cikin ma'anar ayar, domin lomar da aka tura cikin da ya riga ya cika ba ta amfani kowa ba, ta ma fi wadda aka zubar illa, tun da ita wannan za ta zauna ta cuci mai ita.

Hadisin da ya fi shahara a wannan babi shi ne na Mikdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. A cikinsa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa cikin dukan mazuban da ɗan Adam ke cikawa, cikinsa ne mafi sharri, cewa 'yan lomomi masu tsai da ƙashin baya sun wadatar, in kuwa ba makawa sai an ƙara, to a raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya tarar da wannan rabo a babin ci da sha, cikin ladubban cin abinci. Ke nan karatun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Har ila yau Buhari da Muslim sun ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa Annabi ya siffanta mutanen da za su zo bayan zaɓaɓɓun ƙarnoni da ha'inci da rashin cika bakance, ya kuma ambaci bayyanar ƙiba a cikinsu. Imamu Nawawi ya yi bayani mai kyau a nan, ya ce abin zargi shi ne ƙibar da mutum ya nemo wa kansa da yawan ci da sha, amma wanda Allah Ya halitta da kaurin jiki bai shiga ciki ba. Wannan bayani ya kamata a riƙe shi, don kada darasi ya koma dalilin yi wa bayin Allah ba'a, alhali Suratul Hujurat ta hana izgili.

Akwai kuma wani hadisi a Buhari wanda ya dace da manoma ƙwarai. An tambayi Sahalu ɗan Sa'adu ko suna da rariya a zamanin Annabi, ya amsa da cewa Manzon Allah bai taɓa ganin rariya ba, bai kuma ga gurasar tataccen gari ba, tun daga aiko shi har rasuwarsa. Da aka tambaye shi yadda su ke cin sha'ir ba tankaɗe, sai ya bayyana cewa niƙawa su ke yi su hura, abin da ya tashi ya tashi, sauran su kwaɓa su ci. Watau dai hatsin gidan Annabi da dusarsa a ke cin sa. Mai karatu ya riƙe wannan, don za a ga hikimarsa nan gaba.

Yadda ci da aiki suka sauya a ƙasar Gozaki

Gozaki tsohon gari ne mai tarihi a kudancin ƙasar Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Kafur, a kan ambace shi tare da Maska in ana lissafin tsofaffin garuruwan wannan yanki mai ƙasar laka da auduga. Abincin kakannin mutanen wannan yanki dawa ce da gero da wake, da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa wadda aka ɗaure da daddawa, sai fura da nono da rana. Zaƙi kuwa na lokaci ne: rake in ya nuna, mazarƙwaila ranar kasuwa, alkaki da nakiya ranar biki ko Salla. Wanda ya ci wannan abinci kuma shi ne zai yi huɗa da garma, ya yi noman firi da maimai da fartanya, ya taka da ƙafa zuwa kasuwa. Matarsa ita ce za ta yi sussuka da surfe da daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta ja guga. Abin da ya shiga ciki da safe, kafin azahar gumi ya fitar da shi.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Ta hanyarsa takin zamani da ingantaccen irin masara suka yaɗu, har masara, wadda a dā a bayan gida a ke shuka ta don gasawa, ta zama babbar amfanin gona a yankin. Wannan alheri ne, kuma wajibi ne a gode wa Allah a kansa. Sai dai kowace ni'ima tana zuwa da jarrabawarta. Injin niƙa ya hutar da mata, amma ya zo da al'adar surfe masara fes, a jiƙa ta, a niƙa, a tankaɗe, har gari ya yi fari sol, dusar kuwa a ba awaki. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa. Maganin feshi ya rage noman fartanya. Farar shinkafa, wadda dā sai ranar Salla, ta zama abincin kullum a gidan mai hali. Teburin mai shayi ya kafu a kowace tasha da burodi da madarar gwangwani mai zaƙi, taliyar leda ta shiga bakin yara, kwalbar lemo ta zama abin tarbar baƙo a madadin ƙwaryar fura. Ci ya ƙaru, ya kuma yi laushi da zaƙi, aikin da ke ƙone shi ya ragu.

Yadda ƙiba ke jawo ciwon

Duk abinci mai gari, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, in ya isa hanji sai ya narke ya zama sukari ya shiga jini. Bayan tumbi akwai wata tsoka mai tsawo wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikin insulin kamar na ɗan aike ne mai ƙwanƙwasa ƙofa: shi ke sa tsoka da sauran sassan jiki su buɗe su karɓi sukarin da ke yawo a jini, su yi aiki da shi. Hatsin da ke da dusarsa, da wake, da ganye, a hankali su ke narkewa, sukarinsu ya riƙa shiga jini kaɗan kaɗan. Tataccen gari da ruwan zaƙi kuwa lokaci guda su ke kwararowa, sai fankiriyas ta yi ta aiko insulin da yawa don ta kwashe. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya mai da shi kitse ya ajiye. Rabin sukarin shayi da na lemo kuma wani iri ne wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, in ya yi mata yawa sai ta juya shi kitse.

An daɗe ana zaton kitse ajiya ce kawai wadda ba ta motsi. A shekarar 1993 wani masani mutumin Turkiyya, Gokan Hotamisligil, da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka, suka nuna cewa kitsen dabbobi masu ƙiba yana fitar da wani sinadari na kumburi wanda ke hana jiki jin kiran insulin. A 2003 wasu masu bincike a Amurka suka gano cewa dakarun jini masu cinye ƙwayoyin cuta su kan yi dafifi a cikin kitsen mai ƙiba, har su kai wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin halittar da ke wurin, alhali a jikin marar ƙiba ba su wuce kimanin kashi 10 ba.

Manomi zai gane wannan da misalin rumbu. Rumbun da aka zuba wa daidai cikinsa ya kan riƙe hatsi har shekara ta zagayo. Wanda aka danƙara wa fiye da ƙarfinsa sai ya tsage, danshi ya shiga, ƙwari su taru. Haka ƙwayoyin kitse su ke: in sun cika sun kumbura, jini ya kasa isar su sosai, wasu su mutu, sai dakarun jiki su taru a kansu kamar an sami rauni, su yi ta zubo sinadaran yaƙi cikin jini. Kumburin da kowa ya sani, irin na ƙaya ko na maruru, yana zuwa da zafi da ja, ya yi kwanaki ya wuce. Wannan kuwa wutar ƙaiƙayi ce, ba harshe ba hayaƙi, tana ci ta ƙarƙashi shekara da shekaru. Mafi muni shi ne kitsen da ke cikin tumbi kewaye da hanji, domin jininsa kai tsaye ya ke zuba cikin hanta. Hantar da kitse ya cika kuwa ba ta jin umurnin insulin, sai ta yi ta ƙara sukari a jini ko da mutum bai ci kome ba.

Da farko fankiriyas ta kan ninka aikinta ta rufe ɓarakar, mutum yana yawo yana ganin lafiyarsa ƙalau. Bayan shekaru sai ta gaji, sukari ya taru a jini. In ya haura wajen 180 a ma'aunin da aka saba, ƙoda ta kan fara zubar da shi cikin fitsari, daga nan sai yawan fitsari, da ƙishirwar da ba ta jin ruwa, da kasala, da rama bayan ƙiba. Tun ƙarni na 11 Ibnu Sina ya siffanta wannan cuta a littafinsa Alƙanun, har ya ambaci zaƙin abin da fitsarin ke bari in ya bushe. Insulin kuwa sai a 1921 Banting da Best suka tace shi a birnin Toronto na Kanada, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a 1922. Sukarin da ya daɗe a jini shi ke lalata ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda, ya kashe jin ƙafa, har manomi ya taka kututturen kara bai sani ba, rauni ya zama gyambo. Shi ne kuma ke haɗa kai da hawan jini su kawo shanyewar ɓarin jiki.

Kurakuran da ya kamata a gyara

Na farko, ɗaukar tumbi alamar arziki da ƙiba alamar hutu a gidan miji. Wannan ra'ayi ya kai wasu mata da 'yan mata ga shan ƙwayoyin da a ke kira sha-ka-fashe. Daga cikin abin da a ke sayarwa da wannan suna akwai magunguna masu ƙarfi waɗanda likita ke bayarwa da awo don wasu cututtuka, kuma sananne ne cewa suna ɗaga sukarin jini da hawan jini, su raunana ƙashi. Cikar fuskar da su ke kawowa alamar illa ce. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma mijin da ya matsa wa matarsa da gorin rama har ta kai ga wannan yana da kaso a cikin alhakin.

Na biyu, zaton cewa zuma da dabino ba su cutar da mai ciwon sukari tun da nassi ya yabe su. Gaskiya ne Suratun Nahli ta ambaci waraka a cikin zuma, amma malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun bayyana cewa amfanin kowane magani yana rataye da irin cutar, da gwargwadon da aka sha, da halin mai shan. Mafi yawan abin da ke cikin zuma sukari ne. Mai ciwon da ya ajiye maganin asibiti ya koma shan ta cokali cokali, ya ƙara wa wuta mai ne. Haka kuma masu yawo kasuwa kasuwa da lasifika suna alkawarin raba mutum da ciwon cikin mako guda, su ji tsoron Allah.

Na uku, jingina ciwon ga sammu ko jifa in an ga mutum yana ramewa. Addu'a ibada ce, neman magani kuma umurni ne, kamar yadda ya zo a hadisin Usamatu ɗan Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi ya umurci bayin Allah da yin magani. Awon jini na ɗan yatsa ba ya cin minti biyar. Wanda aka auna da safe kafin ya ci kome aka sami 126 ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake samu, to yana da ciwon.

Na huɗu, ɗora wa kowane mai ciwon laifin haɗama. Akwai nau'in da ke kama yara da matasa, inda fankiriyas ke daina fitar da insulin, ba ruwansa da yawan ci, maganinsa kuwa allura ce har iyakar rai. Akwai gado, akwai tsufa, akwai wanda ke tasowa lokacin goyon ciki, akwai kuma siraran mutane masu ɗauke da shi. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suna da nau'i na biyu ne, wanda ƙiba da zaman wuri ɗaya ke ingizawa.

Mai ciwon sukari da azumi

Azumi makaranta ce ta horon ciki, amma da yawa su kan rushe da dare abin da suka gina da rana: kunu mai sukari, da ƙosai, da soyayyen dankali, da lemo, sa'an nan tuwo, har a fita Ramalana da nauyin da ya fi na shiga. Game da marar lafiya kuwa, ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi masa rangwame. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya ke a Muhtasar na Halil, wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ya halatta ya sha, wanda kuwa ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani wadda ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, a zamanta na Sharja a 2009 kuma ta kasa masu ciwon sukari kashi huɗu bisa girman haɗarin da azumi ke jawo musu. Likitoci sun yi gargaɗin cewa mai azumin da sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, ko ya haura 300, ya sha ruwa nan take ko da rana ta kusa faɗuwa. Wanda zai iya ramawa ya rama, wanda ciwonsa ya zama na dindindin ba ya iyawa, an so ya ciyar da mudun Annabi a madadin kowace rana. Dattijon da ya ƙi karɓar rangwamen Allah don kunyar idon jama'a bai ƙara taƙawa da haka ba.

Abin yi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, bincike kuma ya gaskata su. A wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, a 2017, aka nuna cewa kusan rabin waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba, da aka sa su a shirin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum ke ƙarawa a ci da sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta kan ɗauki cokali 8 ko 9. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba zai shiga gida ya riƙe hannun mutum ba.

Mutumin Gozaki bai bukatar sayen kome daga waje. Ya rage surfe, ya bar wa hatsi wani abu na dusarsa, ya sa dawa da gero da wake su dawo cikin tukunya. Malmalar tuwo ta ragu, miyar ganye ta ƙaru, zogale da rama da alayyafo su samu wuri a akushi. A sha kunu da fura ba sukari, a mai da suya ta zama ta jefi jefi. Namijin da ƙugunsa ya kai santimita 94, da macen da nata ya kai 80, su san lokacin awo ya yi, haka duk wanda ya haura shekara 40 ko ya ke da mai ciwon a danginsa. A taka zuwa masallaci da gona da ƙafa, ga lada ga lafiya. Magidanta kuma su tuna da matan da ke cikin gida, waɗanda inji ya ɗauke musu daka bai ba su madadinsa ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu bayan ta yi jiki. Saboda haka motsa jikin mace ba abin kunya ba ne a Musulunci.

Daga ƙarshe, a wannan ƙasa tamu ta noma akwai gidan da ƙiba ke cutarwa, katanga ɗaya tsakaninsa da gidan da yara ke fama da tamowa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa abincin mutum biyu ya kan wadaci uku, na uku ya wadaci huɗu. Sulusin da mai hali ya rage daga akushinsa ya miƙa wa maƙwabci, ya tsare shi daga cuta a duniya, ya kuma tarar da shi a mizani ranar gobe.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sanya albarka a cikin abin da manoma suka noma, Ya sa lafiyar Musulmi ta zama taimako gare su wajen bautarSa. Amin.